Yadda ake raba wa ma'aikata izini a manhajar lissafin gidajen haya

Ofishin da ke kula da gidajen haya a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo da ke Maradi, ko shaguna a kewayen babbar kasuwar Maradi, yakan fara aiki da kwamfuta ɗaya da kalmar sirri ɗaya wadda kowa ya sani, har da yaron da ake aika banki. Hakan yana tafiya lafiya har ranar da Alhaji mai gidajen ya dawo daga Kano, ya tarar kuɗin hayar wata uku sun yi ƙafa, kuma babu wanda za a kama, domin manhajar suna ɗaya kawai ta sani.

Matakin farko ba a kan kwamfuta ake yin sa ba. A ɗauki takarda a rubuta hanyar da kuɗi ke bi: wa ke karɓar haya, wa ke buga rasit, wa ke biyan birkila da mai gyaran famfo, wa ke aika wa mai gida rabonsa. Daga nan sai a buɗe wa kowane ma'aikaci asusu a manhajar da sunansa, a ba shi izinin abin da aikinsa ke buƙata kaɗai. Manhajoji irin su Odoo da Sage suna ba da damar a tsara izini rukuni-rukuni, don haka ya fi sauƙi a kafa rukunin ma'aji, na akanta da na shugaba, maimakon a riƙa bin mutum ɗaya-ɗaya.

Inda ya kamata a fi natsuwa shi ne batun gogewa. Wanda ke karɓar kuɗi da hannunsa bai kamata ya iya goge abin da ya shigar ba, komai amanarsa, kuma wannan ba zargi ba ne, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A ce ma'aji ya karɓi jaka 54 daga hannun ɗan haya, amma yatsa ya zame ya buga 45. Gyaran da ya dace shi ne akanta ya shigar da 45 ɗin a matsayin ragi domin ya soke kuskuren, sannan a shigar da 54, ta yadda layuka uku za su tsaya a littafin, kowanne da sunan wanda ya yi shi da lokacinsa. Wannan ba son wahalarwa ba ne: dokar lissafi ta OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka), wadda Nijar ke bi kuma sabon tsarinta ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, ta hana goge abin da aka riga aka tabbatar, ta kuma ce a adana takardun lissafi shekara 10. Saboda haka a ƙarshen kowane wata shugaba ya kulle watan a manhajar, kada wani ya koma baya ya taɓa shi.

Haka kuma, canza lambar asusun banki ko lambar Airtel Money ta mai gida ya zama aikin mutum biyu, ɗaya ya shigar, ɗaya ya kira mai gidan a lambar da aka sani tun farko kafin ya amince. A ganina wannan ƙofar ta fi aljihun tebur haɗari, domin lamba ɗaya aka sauya, kuɗin wata sun tafi.

Sai dai matsewa ma tana da iyaka. Idan ma'aji ba ya iya buga rasit sai shugaba yana ofis, ranar da shugaban ya tafi ta'aziyya Tibiri zai bar masa kalmar sirrinsa, kuma an koma gidan jiya ke nan. Maganinsa shi ne a bar ma'aji ya buga rasit da kansa, a kuma sa ƙa'ida: gyaran da bai kai jaka 20 ba, alal misali, akanta ya amince da shi, abin da ya wuce haka ya jira shugaba.

Hoton katin shaidar ƴan haya da lambobin wayarsu kuwa, wanda ke rubuta yarjejeniya ne kaɗai ke buƙatarsu, kuma hukumar kare bayanan sirrin jama'a, wato HAPDP, ce ke sa ido kan irin waɗannan bayanai a Nijar. A kunna shaida ta biyu ta waya, wato lambar da ake samu a waya a shigar bayan kalmar sirri, ga asusun shugaba da na akanta.

Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a rufe asusunsa kafin ya miƙa makullin ofis, amma kada a goge shi, domin sunansa yana nan a kan tsofaffin rasit. Duk bayan wata uku, shugaba ya buga jerin asusun da izinin kowanne, ya zauna da akanta su bi shi layi-layi, su soke izinin da aka ba wani na wucin gadi lokacin hutun salla aka manta ba a janye ba.