Yadda za ka koyar da tarihin yaƙoƙin Tasalonika cikin minti 40

Malam, kafin ka rubuta shekara ko ɗaya a allo, zana taswira. Sa teku a kudu, tudu da ganuwa a arewa, sannan ka ja layi daga yamma zuwa gabas, wato hanyar Via Egnatia ta Rumawa. Duk wanda ya riƙe wannan gari na ƙasar Girka ya haɗa tashar jiragen ruwa da hanyar fatauci a hannu ɗaya, shi ya sa ba a taɓa barinsa ya huta ba. Ɗalibin Birnin Kebbi da ya ji labarin ganuwar Surame ta Kanta ba zai sha wuyar gane wannan ba. Minti biyar ya isa.

Zamanin farko kar ka daɗe a kansa. Sarki Kasanda na Makidoniya ya kafa garin wajen 315 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa masa sunan matarsa, Rumawa suka karɓe ƙasar a 168. A nan yara ke tuntuɓe, domin lissafin baya yake yi, sai ka nuna musu a layi cewa 315 ta riga 168. Ambaci farmakin jiragen Liyo na Tarabulus a 904 da na Turawan Norman na Sisili a 1185, ka wuce.

Ba zamanin Turkawa minti 15 cur. Bizantiya, daular Rumawa ta Gabas, ta miƙa garin ga Benis ta Italiya a 1423 don ta kasa kare shi, Sarki Murad na Biyu ya ci shi da yaƙi a Maris 1430. Ka kula da harshenka: in ka ce "Daular Usmaniyya" kawai, rabin aji Sakkwato za su ɗauka. Kullum ƙara "ta Turkiyya". A wannan gari aka haifi Mustafa Kamal Atatuk a 1881, nan kuma juyin Matasan Turkawa na 1908 ya samu gindi, har aka kawo Sarki Abdulhamid na Biyu zaman talala a 1909.

Sai 1912, lokacin da Hasan Tahsin Pasha ya miƙa garin ga sojojin Girka, 'yan Bulgeriya na biye da su a guje. Wani littafi zai ce 26 ga Oktoba, wani 8 ga Nuwamba. Rana ɗaya ce. A lokacin Girka na kan tsohuwar kalanda mai tazarar kwana 13. Rubuta duka biyun.

Minti goma na ƙarshe: kisan Sarki Joji na Ɗaya na Girka a 1913, saukar sojojin Faransa da Birtaniya a 1915, gwamnatin adawa ta tsohon firaminista Benizelos a 1916, gobarar 1917, musayar al'umma ta 1923 da ta kwashe Musulmin garin zuwa Turkiyya. Kar ka yi gaggawa a 1943, shekarar da Jamusawa suka kwashe Yahudawan garin sama da 40,000 zuwa sansanin kisa na Auschwitz. Aikin gida: kowa ya sake zana taswirar, ya sa kibiya daga inda kowane mahari ya fito.