Darasi na 7: Ozon, Gubar da Rana Take Haɗawa Daga Hayaƙi

Ana ganin hayaƙin mota, ana ganin ƙurar hunturu. Amma akwai wata iska mai cutarwa a birane wadda ido ba ya gani, sunanta ozon. Can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35, ozon garkuwa ce, tana tare hasken rana mai lahani ga fata da ido. Idan kuwa ta taru a nan ƙasa inda muke numfashi, huhu take ci.

Yadda take samuwa

Babu salansar da ozon ke fitowa daga cikinta kai tsaye. Sai abu uku sun haɗu. Na farko, hayaƙin da inji ke fitarwa idan ya ɗau zafi: mota, babur, adaidaita sahu, janareto. Na biyu, tururin fetur, fenti, tina da sholisho, wato warin nan da ake ji a gidan mai ko a wajen masu fentin mota. Na uku, rana mai ƙarfi. Rana ce ke dafa waɗancan biyun su zama ozon, kuma dahuwar tana ɗaukar sa'o'i. Shi ya sa hayaƙin cunkoson safe ba ya nuna sharrinsa sai daga azahar zuwa la'asar sakaliya. Da rana ta faɗi, ozon ɗin cikin gari takan ragu sosai. Ranar bazara mai zafi, wadda ko ganye ba ya motsi, ita ce mafi muni.

A birnin Los Anjalas na Amurka aka fara gano wannan. A shekarun 1940 mutanen birnin sun yi ta fama da zafin ido da tari, amfanin gona yana lalacewa, tayoyi suna tsattsagewa. A farkon shekarun 1950 wani masani, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hayaƙin motoci da hasken rana ne sanadi. Har da zaren roba ya yi awo: idan ozon ta yi yawa, robar da aka lanƙwasa takan tsage da wuri.

Wani abin da mutane ba sa zato: ozon takan fi yawa a unguwannin bayan gari da ƙauyukan da iska ke kaɗawa wajensu, fiye da bakin babban titi. Sabon hayaƙi yana cinye wani kaso nata a kusa, sauran kuma iska ta kwashe, yana ci gaba da dahuwa a hanya. Don haka manomi ma bai tsira ba, ballantana alkamarsa da wakensa, waɗanda ozon ke rage musu yabanya.

Abin da take yi wa jiki

Tana sa ƙaiƙayin maƙogwaro, busasshen tari, nauyin ƙirji, da zafi idan an ja dogon numfashi. Hanyoyin iska na huhu suna kumbura su tsuke. Mai asma ciwonsa kan tashi, wani lokaci sai washegari, har ya kasa gane dalili. Yara sun fi shiga haɗari domin huhunsu bai gama girma ba, ga yawan guje-guje. Sai tsofaffi, da masu aikin ƙarfi a rana: leburori, 'yan dako, 'yan acaba. Duk wanda ke haki, iska mai yawa yake zuƙa, kuma tana shiga can cikin huhu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2021, ta ce kada ozon ta wuce maikirogiram 100 (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace kubik mita ta iska, wato iskar da za ta cika akwati mai tsawo, faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya, a matsakaicin awa 8.

Abin yi

Takunkumin yadi ko na asibiti yana rage ƙura, amma ba ya tare ozon, domin ita iska ce zalla. Dabarar tana ga lokaci. A yi aiki mai nauyi tun daga asuba zuwa hantsi. A ɗage ƙwallon yara zuwa yamma liƙis. Mai asma ya zauna a ɗaki da tsakar rana, domin ozon ta fi ƙaranci a ciki, kuma kada ya fita ba tare da abin shaƙarsa ba.

Wajen rage ta kuwa, a sha mai da yamma, kuma idan famfo ya tsaya kada a ce a ƙara har ya zube. A rufe jarkar fetur da gwangwanin tina sosai, a ajiye a inuwa. A kashe inji idan tsayuwa za ta yi tsawo. A kai janareto da babur wajen bakanike a duba filogi da matatar iska, domin injin da ba ya ƙona mai daidai ɗanyen fetur yake fesawa. A daina ƙona shara da taya.

Idan mutum ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko yaro yana numfashi tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓe da harshe sun sauya launi, ko an shaƙi magani bai yi sauƙi ba, a tafi asibiti nan take, kada a jira dare.