Idan Aka Gayyace Ka Kallon Rawa a Indiya

Yawancinmu mun sha kallon fina-finan Indiya tun muna yara, shi ya sa da an ce rawa sai hankali ya tafi ga saurayi da budurwa suna zagaya bishiya. Ɗan'uwa sabon zuwa, ajiye wannan tunanin a filin jirgi. Rawar gargajiyarsu ilimi ce da ake shafe shekaru ana ɗauka a gaban malami, kuma manyan gidaje ne ke kai 'ya'yansu tun suna ƙanana.

Hukumar Sangeet Natak Akademi, mai kula da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a Indiya, ta amince da irin wannan rawa guda takwas. In karatu ya kai ka Chennai da ke kudancin ƙasar, Bharatanatyam za ka fi gani. Daga wuraren bauta ta fito, ta sha tsangwama a zamanin Turawa, sai wata gwanar rawa, Rukmini Devi Arundale, ta kafa makarantar Kalakshetra a 1936, martabarta ta dawo. A arewa kuwa Kathak ce, wadda ta bunƙasa a fadar sarki Wajid Ali Shah a birnin Lucknow. Ka lura da ƙafar mai yin ta: ƙananan ƙararrawa sama da ɗari ɗaure a kowane idon sawu, tana mayar wa mai ganga amsa bugu da bugu.

Wata rana abokin karatu ko mai gidan hayarka zai miƙo maka katin arangetram, wato ranar da 'yarsa za ta fara hawa dandamali ita kaɗai. A wajensu tamkar walimar sauka ce, sun kashe kuɗi sosai, kuma ba kowa suke gayyata ba. Ka sa kaya masu kyau, ka riƙe furanni. Da yamma aka fi yi, yana iya cin awa biyu zuwa uku, don haka ka tsara sallarka tun daga gida. Kada ka tashi ana tsakiyar rawa. Liƙi kuma kada ka soma, tafi ya wadatar.

A gefen dandamalin za ka ga fitila da gunkin Nataraja, wato abin bautarsu Shiva a siffar mai rawa, kuma da addu'arsu ake buɗewa. Ba wanda zai ce ka rusuna, zamanka kawai za ka yi. In zuciyarka ba ta natsu da zuwa ba, ka ba da uzuri tun da wuri cikin girmamawa, ka taya iyayen murna, ka aika wa yarinyar ɗan tukuici.