Yanke Lambobin Wuri a Manhajar Safiyo: Kurakuran da Aka Fi Yi da Gyaransu

Duk wanda ya daɗe a aikin safiyo ya taɓa buɗe fayil ya tarar filin da ya auna da hannunsa ya faɗa tsakiyar teku. Galibi na'urar awo ba ta da laifi, wani ne ya yanke kan lambobin bai gaya wa kowa ba.

Yankewar kanta tana da dalili. A tsarin UTM, wanda ke nuna wuri a taswira da lambobi biyu a mita, ta gabas da ta arewa, an raba duniya shiyya 60, kowace faɗinta digiri 6, ana kuma ƙara mita 500,000 a lambar gabas don kada ta sauka ƙasa da sifiri. Shi ya sa lambobin suke da tsawo. Manhajar da ke ajiye lamba a bit 32 alƙaluma bakwai ko kusa da haka take iya riƙewa. Idan lambar arewa ta kai 4,506,721.904, tazarar da ba ta kai rabin mita ba sai ta ɓace mata, layuka su riƙa rawa a allo, maki biyu su hau kan juna. Sai mai aiki ya cire 4,500,000, a bar 6,721.904, komai ya daidaita.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne rashin rubuta abin da aka cire. Bayan wata shida shi kansa mai aikin ya manta, balle injiniyan da aka tura wa zanen. A rubuta adadin a jikin zanen da kuma cikin rahoto. A zaɓi cikakkiyar lamba mai sauƙin tunawa, kuma guda ɗaya ga dukan aikin. Manhajar CloudCompare kan ba da shawarar nata adadin idan aka buɗe fayil mai manyan lambobi. A tabbata fayil na biyu ya ɗauki irin na farko, in ba haka ba ba za su haɗu ba.

Kuskure na biyu shi ne liƙa wa yankakkun lambobi sunan cikakken tsari. Idan ka ce wa manhajar taswira ta QGIS 6,721 lambar arewa ce ta UTM, za ta yarda, ta ajiye filin kilomita bakwai kacal daga layin ikwaita. A fara mayar da abin da aka cire, sannan a juya zuwa wani tsarin.

Wanda ya fi damuna shi ne na ma'aunin sikeli, domin ba ya nuna kansa da wuri. A tsakiyar shiyyar UTM ma'aunin 0.9996 ne, wato kowace kilomita a ƙasa tana raguwa da santimita 40 a taswira, ban da abin da tudun wurin yake ƙarawa. Wasu sukan ninka cikakkun lambobin da ma'aunin tun daga sifiri. A lambar arewa 4,500,000 wannan kaɗai ya gusar da filin wajen mita 1,800, ga shi lambobin har yanzu suna kama da na UTM, mai karɓa ba zai yi zargin komai ba. A nan yankewa taimako ce, don a gane da kallo ɗaya cewa awon ƙasa ne, ba lambobin UTM ba. A rubuta turken da aka yi sikelin a kansa, da ma'aunin, da wanda aka fara yi tsakanin yanka da ninkawa. Wajen komawa sai a bi matakan ta baya.

Akwai kuma musanya gabas da arewa wajen shigar da fayil. Muddin an yanke su tsawonsu ya zama ɗaya, ido ba ya kamawa, don haka kada a bar ginshiƙi babu suna a samansa.

Kafin a kafa turke ko ɗaya, a gwada aƙalla sanannun turaku uku masu nisa da juna. Idan bambancin da ke tsakanin lambobin fayil da sanannun lambobin turakun iri ɗaya ne kuma cikakkiyar lamba, yanka ne. Idan yana ƙaruwa da nisa, sikeli ne. Idan kuwa gomiya ko ɗaruruwan mitoci ne masu ɓurɓushi, a duba ko an gauraya tsohon datom, wato tushen da ake auna lambobin wuri daga gare shi, da na WGS 84 da GPS ke amfani da shi.