Yadda nake tsare littafina daga masu fitar da shi

Wata bakwai na yi ina rubuta littafina na biyu a waya, bayan isha'i idan yara sun kwanta. Naira 500 na sa masa. Kwana huɗu da fara sayarwa, ƙanwata da ke karatu a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta turo mini shi cikakke, an watsa shi kyauta a wani guruf na WhatsApp. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. 'Yar'uwa marubuciya, ga abin da nake yi tun daga lokacin.

Da farko ki cire rai da samun makullin da ba ya buɗuwa. Manyan kamfanonin fim na Amurka sun kulle faifan DVD, a 1999 aka fasa kullen. Apple ma a 2009 ya haƙura ya cire makullin waƙoƙin iTunes. To ina ga lambar sirrin da muke sa wa PDF? Wadda za ta tura littafin, tare da lambar za ta tura.

Kada ki saki littafi dunƙule guda. Babi biyu nake saki kullum, a tasha ta Telegram da na rufe, na kunna wurin da ke hana turawa da ɗaukar hoton allo. Mai niyya za ta iya ɗauka da wata wayar, amma shafi 300 ɗaya bayan ɗaya aiki ne, yawancinsu a hanya suke gajiya.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne alama. Na raba masu saye gida huɗu, kowane gida da nasa kwafin. A na farko amarya ta dama kunun gyaɗa, a na biyu kunun tsamiya, a na uku koko, haka dai. Kalma ɗaya ce a tsakiyar babi, babu mai lura. Da littafi ya fita, wannan layin nake dubawa in san ta inda aka yi ɓaraka, sai in sake raba wannan gidan. A zagaye na uku na gano wadda ke fitar da shi. Ban tozarta ta ba, na kira ta a waya na ce, "Hajiya, guminmu ne fa, ki ji tsoron Allah." Ta ba da haƙuri, na cire ta.

Ki ajiye shaida: rubutunki na farko da kwanan watansa, da hoton inda aka watsa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba ki damar neman a sauke aikinki daga intanet, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa tana rajistar ayyuka.

Sannan ki sauƙaƙa biya. Da yawa ba ɓarayi ba ne, ɗalibai ne a Samaru da suka tura kuɗi suka yini suna jira, har wata ta ba su na kyauta. Yanzu da na ga alat nake saka mutum a tashar, ko ina tsakiyar girki. Wadda ba ta da asusun banki ta je wurin mai POS na bakin Tudun Wada ko PZ a Zariya, ta turo mini hoton rasit.