Yadda Ake Hawan Ƙananan Duwatsun da ke Kewaye da Kwazazzabon Waimea

Kwazazzabon Waimea yana tsibirin Kauai na jihar Hawayi a Amurka, zurfinsa ya kai mita 900 a wasu wurare, kuma titi mai lamba 550 ne yake bin gefensa har gandun dajin Koke'e, inda hanyar ƙafa zuwa ƙololuwar Pihea take.

Ka yi sammako, domin gajimare yakan rufe tsaunukan idan rana ta ɗaga. Abin da ya fi cancantar hattara shi ne jar ƙasar wurin. Dutsen Waialeale da ke kusa yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duniya, kuma da zarar ƙasar ta jiƙe sai ta yi santsi kamar sabulu, saboda haka ka sa takalmi mai kaushin tafi, ka riƙe sanda, kada ka dogara da duwatsun bakin rami, don suna marmashewa a hannu.

Ka tafi da ruwan sha isasshe, gama ruwan rafukan yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ka sa tufafi masu haske don mafarautan alade da awaki su iya ganinka. Kafin ka shiga dajin, ka goge takalminka tas, domin akwai cutar da take kashe itatuwan ohia, kuma laka tana yaɗa ta.