Yadda nake ƙawata bishiyar Kirsimeti da yarana

Kada ka fara da kayan ado. Tsayar da bishiyar haka nan tukuna, ka tara yara su ƙare mata kallo. Irin wannan bishiya ganyenta ba ya kaɗewa ko a tsananin hunturu, shi ya sa muke ganin alamar rai madawwami a jikinta. A nan nake karanta musu Farawa 2:9 daga Littafi Mai Tsarki, inda aka ambaci itacen rai.

Sai jajayen ƙwallaye, kuma nan ne na fi daɗewa. Al'adar ta samo asali a Jamus wajen ƙarni na 16, inda ake rataya tuffa ranar 24 ga Disamba don tunawa da Adamu da Hawwa'u. Ka ba kowane yaro ƙwallo ɗaya, ka ce ya tuna wani laifinsa a zuci, sannan ya rataya a reshe. Bara 'yata ta daɗe riƙe da nata a tafin hannu, idonta ya ciko da ƙwalla. Ban tambaye ta ba. Na dai gaya mata Yesu ya ɗauki zunubanmu a jikinsa a kan itace, kamar yadda 1 Bitrus 2:24 ta faɗa.

Naɗa fitilu daga ƙasa zuwa sama. Kashe wutar ɗakin, ku ɗan zauna cikin duhu, sannan ka kunna, ka karanta Yohanna 8:12, inda Yesu ya ce shi ne hasken duniya.

Tauraro shi ne na ƙarshe, irin wanda ya kai masanan gabas Baitalami, inda aka haifi Yesu. Ɗaga autan gida a kafaɗa ya ɗora shi da hannunsa.